Abin da Ya Rage a Kwano

"Ɗauki kwalbar nan ki mayar masa da abinsa."

Inna Hure ko ɗagowa ba ta yi ba daga waken da take tsincewa a faifai. Da bayan hannu ta turo kwalbar man zaitun ɗin, ta gangaro a kan tabarma har ta tsaya a ƙafar Ramlat.

"Inna, tsaraba ce fa. Saboda Baba ya kawo."

"Na ji. Ki ce masa an gode. Man da muka saba da shi bai kashe mu ba tukuna."

Ramlat ta durƙusa ta ɗauki kwalbar, ƙwalla na taruwa a idonta. Ta san halin Innarta sarai. Idan ta yi faɗa da ɗaga murya, kafin azahar ta huce har ta nemi abokin hira. Amma idan ta yi magana a hankali haka, idonta a kan faifai, to abin ya kai zuci.

Duk wannan kuwa a kan kwanon abinci ne.

Zaharaddini ɗan marigayi Malam Yahya ne na bayan masallaci, kuma a ƙauyen nan da ke gabas da Zakirai babu wanda bai san Ramlat yake so ba, har awakin unguwa sun sani. Karatu ya kai shi ƙasar Holan, da ya gama ya samu aiki a wani kamfanin irin shuka, ya zauna. Ita kuma ta yi nata karatun ta kama koyarwa a firamare, tana ta korar manema da murmushi. Bana ya zo hutu da kaka, da niyyar magabatansa su shigo maganar aure kafin ya koma.

Ranar Juma'a ya zo gaida Baba. Inna ta sa aka yanka zakaranta da take ji da shi. Ta dafa shinkafa da miya, manja na yawo a sama, ta soya funkaso, ta haɗa zoɓo da ya ji sukari da kanumfari. Matar da ake ɗauka har Zakirai ta tsaya kan tukunyar biki, ranar ta nuna ita ce.

To a gidan Malam Sama'ilu, baban Ramlat, kwanon baƙo ba a zaure yake ƙarewa ba. Tsakar gida yake dawowa, a buɗe shi, mata su duba su san wane irin mutum ne ya zauna a tabarmarsu.

Da aka buɗe na Zaharaddini, mata suka kalli juna.

Da kunya ce da an gane, don mai kunyar surukai gefe ɗaya yake ɗan taɓawa ya rufe. Shi kuwa tsince ya yi. Ya ture man da cokali ya tara shi a gefe, ya ɓare fatar kazar ya ajiye, ya ci tsokar da kabejin da aka yanka a kai. Shinkafar tana nan kusan yadda aka zuba ta. Funkaso ko ɗaya bai tashi ba, zoɓon kuma har ƙanƙararsa ta narke ba a kurɓa ba.

Kamar wannan bai isa ba, da ya ji Baba na fama da hawan jini, sai ya gyara zama ya hau ba da shawara a rage gishiri da magi a miya, a daina soya komai cikin mai. Inna tana bayan katangar zaure tana shanya barkono, kaf a kunnenta.

"Bai auri 'yar ba ma ya fara koya wa uwar girki," abin da ta ce ke nan ranar, ta shige ɗaki.

Yanzu ga Gwaggo Asiya, ƙanwar Baba, wadda ta zo daga Bacirawa taya aikin kaka, ta fito tana ɗaura ɗankwali. Ita dama tana da nata ɗan takarar, Abdulkabir, ɗan yayan mijinta mai sayar da hatsi a Dawanau. Mutum ne mai mota da ƙaton gida da ƙaton ciki, wanda in ya zo gidan nan sai ya share kwano tas ya aiko a yi wa Inna sannu da aiki.

"Ku dai ba ku son a faɗi gaskiya," in ji Gwaggo. "Yaron nan wahala yake sha a can. Ya tafi da kumatunsa, ya dawo duk ƙashin wuya a waje. Cikinsa ne ya ƙanƙance don yunwa, shi ya sa ya kasa cin abincin mutane."

"Gwaggo, ba haka ba ne..."

"Yi min shiru, Auta. Ba da idona na ga hotunan da yake nuna wa Yaya a waya ba? Wai ga keken da yake zuwa aiki da shi. Keke! A ƙasar Turawa! Keken da ko babanki ya jingine tun da ya sayi babur. Sannan ga bokitai jere a bakin taga, wai gonarsa. Me ya shuka? Rama. Ramar da akuya ke ci a bayan gidan nan, ita yake lallaɓawa a bokiti yana ɗaukarta hoto. Mai kuɗin cefane zai yi haka?"

Ramlat ta kalli Inna ko za ta tanka. Inna ta ci gaba da tsintar wakenta.

Da hantsi Baba ya dawo daga yankan dawa, ya kira ta zaure. Bai yi faɗa ba, shi dama ba mai yawan magana ba ne.

"Ke ba yarinya ba ce, Ramlatu, ba zan yi miki dole ba. Mutanen Abdulkabir sun nemi izinin zuwa idan an gama shigar da dawa, ban ce musu e ba, ban ce a'a ba. Ɗan Malam Yahya kuwa ɗana ne, ubansa aminina ne. Amma ba zan karɓi goron kowa ba sai uwarki ta buɗe baki ta ce to. Ita ta sha wahalarki."

"To, Baba."

"Je ki. Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri."

Bayan la'asar Zaharaddini ya zo. A gindin darbejiyar ƙofar gida ta shimfiɗa masa tabarma, inda kowa ke wucewa ya gan su. Amalanke sai wucewa suke da dammunan dawa. Ta ajiye masa kwalbar a gabansa cikin leda.

Ya buɗe ya gani. Jikinsa ya yi sanyi.

"Har ta kai haka?"

"Ta wuce haka, Yaya Dini." Ta ɗago ta dube shi. "Don Allah me ya kai ka? A garin nan aka haife ka, ka san abincin gidan surukai ba don cika ciki ake kawo shi ba. Da ka bar shi gaba ɗaya ma da an ce kunya ce. Amma ka zauna ka tsince girkin Inna kamar mai neman tsakuwa a shinkafa? Tun asuba take tsaye a kansa."

"Wallahi ban yi don raini ba."

"To don me? Ka zama Bature ne, abincinmu ya zama ƙazanta?"

Ya hau murza hularsa a hannu. Ta daɗe ba ta ga ya rasa abin cewa ba, shi da in ya kira ta a waya sai cajinta ya ƙare bai gama labari ba.

"Ramlat, ciwon suga gare ni."

Ta dube shi sosai, wuyan nan da Gwaggo ke zagi, agogon da ya yi masa yawa a hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarata ta biyu a can."

"Shekararka ta biyu." Hawayen da take riƙewa tun safe suka zubo. "Kullum muna waya. Ka nuna min dusar ƙanƙara, ka nuna min jirgin ƙasa, ka nuna min har kyanwar maƙwabciyarka. Wannan ne kaɗai ba ka ga ya kamata in sani ba?"

"Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Tsoron kallon nan da kike yi min yanzu."

Ta kawar da kai tana share fuska da gefen mayafi. Wata tsohuwa ta zo wucewa da ƙullin itace, suka gaishe ta kamar babu komai, sai da ta yi nisa ya ci gaba.

"Abin da nake nuna miki a waya na rana ne, Ramlat, mai kyan. Ban taɓa nuna miki lokacin sanyi ba, da za ki fita aiki da duhu ki dawo da duhu. Ki buɗe ɗaki babu wanda zai ce miki sannu da zuwa. Can ba a aiko wa maƙwabci da tuwo, ba mai leƙowa ya ce yau ban ga hayaƙinka ba. Ni da ban taɓa hura wuta ba a gidanmu, me na iya? Biredi, soyayyen dankali, lemon kwalba. A tsaye nake ci, don in na zauna ni kaɗai abincin ba ya wucewa. Na yi ƙiba, ina turo hoto ana cewa Turai ta karɓe ni. Ashe ciwo nake tarawa."

"Sai me ya faru?"

"Sai ƙishirwa da jiri. Wata rana a wurin aiki na faɗi. Da likita ta gwada ni ta tambaya ko akwai mai shi a gidanmu. Na ce shi ya kashe mahaifina." Ya sunkuyar da kai. "Kin tuna yadda Malam ya ƙare. Na rantse ba zan bi hanyar nan da ƙafata ba in dai akwai abin da zan iya yi. Shi ne na koyi dafa wake da ganye. Keken nan da ake min dariya, magani ne. Har gida na canja, na koma wani ɗan ƙarami a bayan gari, nesa da wurin aiki, don kawai tagarsa na samun rana in shuka abin da zan ci."

"Ramar bokiti," ta faɗa a hankali.

Ya ɗan yi murmushi. "Har labarinta ya iso? Sau nawa ta mutu ina sakewa. Ranar da ta yi ganyen da zan iya tsinka na yi kwaɗo, ina ci ina kuka kamar yaro, don ƙanshin tsakar gidanmu na ji. Tsohuwar da ke ƙasa da ni ta ga ina wahala da bokitai, ta ba ni gefe a ɗan lambunta. Ina ba ta yakuwa, tana ba ni wani ganye nasu mai kama da kabeji. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa tambayata ko na ci abinci. Yanzu alhamdu lillahi jinin ya daidaita, ƙwaya ɗaya nake sha. Lafiyata ƙalau in dai na kiyaye bakina."

Ramlat ta yi tagumi. Tausayinsa ya cika ta, haushinsa ma bai tafi ba. A karo na farko kuma ta hango kanta a ɗakin nan mai taga ɗaya, ba Inna, ba maƙwabta, ba kiran sallar masallacin bayan gida. Ta ji tsoro, amma ko da tsoron ta san shi take so.

"Bari in shiga in faɗa wa Baba gaskiya," in ji shi.

"A'a!" Har ta ɗaga murya ba ta sani ba. "Idan Gwaggo ta ji, kafin magariba garin nan ya gama yi maka ta'aziyya. Ba wanda zai tsaya jin ƙwaya ɗaya kake sha. Cewa za a yi an ba mai ciwo."

"To ya kike so in yi?"

"Ka dawo gobe ka ba da haƙuri. Zan roƙi Baba ya sa baki. Duk abin da Inna ta zuba maka, ka cinye."

Ya dube ta.

"Zan ci."

"Ba zai yi maka illa ba?"

"Sau ɗaya ne ai. Zan ɗan ji jiki, shi ke nan. In dai a kanki ne, ko tukunyar aka kawo zan ci."

Da ta shiga gida maganar ta ƙi barinta. Sau ɗaya ne, in ji shi. Amma ita ta san ba sau ɗaya ba ne. Akwai cincin da alkakin biki, akwai nakiyar gara, akwai kowace sallah da zai zo gida Inna ta cika masa kwano tana kallo. Ƙaryar da za su fara gobe kullum sai an ba ta abinci, kuma da jikinsa za a biya.

Washegari Baba ya yi wa Inna magana a ɗaki. Abin da ya ce mata ba wanda ya ji, amma ta fito ta ɗora kasko. Gwaggo ta tafi gidan suna a unguwar gabas, tsakar gidan daga Inna sai Ramlat.

Funkaso Inna ta sake yi, manya, ta jera su a kwanon samira ta kwarara musu zuma har sai da ta taru a ƙasa. Ta dama kunun gyaɗa, ta zuba sukari ba awo. Ta ɗora alkaki a gefe.

"Mai gudun mai ai ba ya gudun zaƙi," ta ce. "Ga shi nan ba gishiri, ba magi. In gani kuma me zai tsince."

Bayan azahar Zaharaddini ya yi sallama. Ramlat ta ɗauki tiren, nauyinsa har wuyan hannunta. Ta bi ta lungun da ke kaiwa zaure, ta tsaya daga bakin ƙofa inda ba za a gan ta ba.

Yana zaune a gaban Baba, kansa a ƙasa, ya gama ba da haƙuri. Har ya wanke hannu ya naɗe hannun rigarsa. Baba na yi masa labarin farashin taki, shi kuma yana ta gyaɗa kai, amma idonsa na kan ƙofar da abincin zai shigo. Ta ga ya sauke numfashi a hankali, ya gyara zama, kamar mai jiran allura.

Ƙafarta ta ƙi gaba.

Ta kalli zumar da ke kwance a gindin kwanon. Ita ta ce ya ci. Ita ce kuma za ta ajiye masa da hannunta, ta koma ta laɓe tana jira a ce ya kyauta.

Ta juya.

Inna na kwashe wuta ta gan ta ta dawo da tiren yadda ta tafi da shi.

"Lafiya? Ya tafi ne?"

Ramlat ta ajiye tiren, ta zube a gabanta, kuka ya ƙwace mata.

"Inna, ki yafe min. Ba zai iya ci ba. Ciwon suga gare shi, irin na babansa. Shi ya sa ya tsince rannan, ba raini ba ne. Jiya ya so ya faɗa na hana shi, na ce ya zo ya cinye ko me kika ba shi. Kuma ya yarda, Inna. Yana can ya wanke hannu yana jira."

Inna ta tsaya da itacen a hannunta, hayaƙi na tashi daga bakinsa.

"Kin sani," ta ce, "kika zauna kina kallona ina zuba masa zuma da hannuna?"

"Tsoro na ji kada ki hana ni shi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Maraya, ɗan mutane, in kashe shi a zauren gidana saboda kwano."

Ta jefar da itacen. Ta janyo tukunyar zogalen da ta dafa don rana, ta matse shi sosai. Ta daka ƙuli-ƙuli kaɗan, ta yanka albasa da tumatir. Ta ɗebo wake daga wanda ke kan wuta, ta ɓare ƙwan zabi ta jera a kai. Gishirin ma da ɗan yatsa biyu ta ɗauka. Ramlat tana durƙushe tana kallonta, wani farin ciki na son tasowa tana danne shi.

Inna ta goge bakin kwanon da gefen zanenta, ta rufe. Sai a lokacin Ramlat ta ga idonta ya yi ja.

"Ki ce masa na yafe masa. Ni ce ma zan nemi gafararsa, na zarge shi da abin da bai yi ba. Yaro ne na kirki, wanda zai cuci kansa don ya faranta wa tsohuwa rai."

"Inna, na gode, Allah Ya..."

"Tsaya, ban gama ba." Ta zauna a kan turmi, ta kama hannun 'yarta. "Ke ba ki da wayo lokacin da Iyata ta yi wannan ciwon. Mu nawa ne a kanta? Ni da 'yan uwana, da matan gida, da maƙwabta, wannan ta kwana wannan ta wuni. Da aka yanke mata ƙafa mu huɗu ke ɗaga ta. Duk da haka sai da muka gaji, Auta, muna son ta muka gaji. Shi da bakinsa ya gaya wa babanki can ko maƙwabci ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Yau lafiyarsa ƙalau, Allah Ya dawwamar. Ranar da ba ƙalau ba fa? Wa zai kama miki? Wa zai karɓe ki ki runtsa? Ina nan ina jin muryarki a waya, ba ni da ikon in miƙo miki ko ruwa?"

"Inna, yana kiyayewa, likita ta ce..."

"Da a garin nan zai ajiye ki, wallahi yau zan ce wa Malam ya karɓi goronsu, da ciwon da komai. Amma in ɗauke ki in aika bayan duniya ki yi jinya ke kaɗai, ban iya ba. Ba zan ce to ba."

"Inna, don Allah..."

"Ɗauki ki kai masa kada ya huce. Ya daɗe da yunwa a gidan nan."

Ramlat ta wanke fuskarta a bakin randa, ta gyara mayafi, ta ɗauki kwanon. Da ta yi sallama Baba ya miƙe ya ce bari ya duba masu ɗaurin dawa, ya bar su.

Zaharaddini ya buɗe kwanon da bismilla, a shirye yake da ko mene ne. Ya ga zogale, ya ga wake. Ya ɗago ya dube ta, ya sake duban kwanon, fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Kin faɗa mata?"

Ta gyaɗa kai.

"Kuma ita ta haɗa min wannan? Da hannunta?"

"Da hannunta."

"Alhamdu lillahi! Ashe ta huce. Ramlat, ashe an gama! Yau ɗin nan zan je in gaya wa kawuna su shirya. Me ta ce? Gaya min yadda ta faɗa."

Ramlat ta tsiyaya masa ruwa a kofi har ya cika ya zuba a tabarma.

"Ci tukuna, Yaya Dini," ta ce. "Ka ci ka ƙoshi."